Kwanon da Aka Kife wa Lekal

A shekarar 1963 na fara ganin Lekal, shekarar da guguwar teku ta ɗauke rufin cocinmu ta ajiye shi a gonar shinkafar wata tsohuwa. Ina makarantar mishan a lokacin, ina koyon aikin katako a hannun Fada, wani dogon mutumin Switzerland wanda ya iya harshenmu na Amis fiye da yadda ya iya murmushi. Ranar rabon garin madara ce, yaran ƙauyukan gaɓa sun yi layi da gwangwanayensu, sai wani ɓera ya fito daga ɗakin ajiya ya bi ta kan katanga. Wani yaro mai siraran ƙafafu ya zari gora ɗaya daga cikin waɗanda muka tara don gyaran rufi, ya jefa, ya cake ɓeran a jikin katanga, ya koma layinsa. Fada ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce a kawo masa yaron nan makaranta.

An kawo shi. Bai cika wata ba ya gudu. Da na tambaye shi dalili, ya ce benci ba ya motsi, shi kuma ba ya iya tunani a kan abin da ba ya motsi.

Na girme shi da shekara biyar, saboda haka ba layin sa'anni ɗaya muke ba. Yaya yake ce mini, in kuma yana son tsokana ya ce ɗan Fada. Da na buɗe wurin gyaran jiragen ruwa a tashar garinmu, ni na yi masa gadonsa na jifan mashi na farko: dogon katako mai fita daga goshin jirgi ya rataya a kan ruwa, a ƙarshensa maɗauri biyu da na yanka daga tsohuwar taya. A ciki mai mashi ke zura ƙafafunsa. Ba igiya a ƙugu, ba abin dafawa. Idan iskar arewa ta taso a lokacin sanyi, teku ta haukace, sauran masunta suka ɗaure jiragensu, a lokacin ne mai-takobi yake hawowa saman igiyar ruwa, a lokacin ne kuma jiragen mashi suke fita. Kifi ne da ya fi mutum biyu nauyi, wani ma ya fi huɗu, hancinsa dogo kamar takobi, yana cin kowa a teku, ba mai cin sa sai babban shak, kifin nan mai haƙoran zarto, da mu.

Mai mashi ba ya waiwaye. Hannun dama na riƙe da mashi, na hagu yana magana da matuƙi: ƙara wuta, rage, karkata. Matuƙin Lekal shi ne Kolas, sa'ansa, gajere mai faɗin kafaɗa, bakinsa kullum ja da goro. Shekara talatin da wani abu Kolas ya yi yana kallon bayan hannun Lekal. A tudu kuwa ba sa minti biyar ba su zagi juna ba.

A sanyin 1979 Lekal ya soki wani babba, kifin ya nutsa, igiyar mashi ta shiga warwarewa da gudu, wani lanƙwasonta ya shaƙe masa idon sawu ya fizge shi daga kan gado. Mutanen jirgi suka ce ko ƙararsa ba su ji ba. Kolas ya saki sitiyari, ya ciji wuƙa, ya bi shi. Da ya taso da shi, ƙafar ta kusa rabuwa da jiki, tabon kuma ya zauna masa kamar mundaye har ya mutu. Ban taɓa jin Lekal ya ce na gode ba, ba haka suke yi ba. Duk lokacin da aka zauna shan giyar shinkafa, Kolas zai ce har yau yana baƙin cikin kifin nan, da ya sani da igiyar ya riƙe ya bar mutumin, don kifin ya fi nama. Lekal zai ce ai ba don shi ya faɗa ruwa ba, tsoron uwar Lekal ne ya tura shi.

Kifin ya fara raguwa tun kafin kowa ya yarda ya faɗa. Jiragen mashi da suka cika tasharmu muna samari suka koma ana ƙirga su da yatsu. Kowa ya san dalili. Can nesa, inda ido ba ya kai wa, akwai manyan jirage masu shimfiɗa igiya mai dubban ƙugiyoyi, tsawonta ya kai daga garinmu zuwa birnin Taitung, tana kwashe babba da ƙarami, mai-takobi da shak da kunkuru. 'Ya'yanmu ne ma ke aiki a cikinsu, har da ɗan Kolas, wanda yake shekara biyu bai taka ƙasa ba. Amma jirgin da ba ka gani ba ka iya yi masa tsawa.

A 2008 wata mata mai suna Dakta Tu ta zo daga wata cibiyar binciken teku. Siririya ce, amai take yi duk ranar da aka fita, kuma ba ta taɓa fasa fita ba. Abin da take nema shi ne wanda zai iya dasa wa mai-takobi wata 'yar na'ura mai kamar ƙwan agwagwa da wutsiya, a gindin tuta, wato ƙayar nan da ke tsaye a bayansa, a wurin da bai fi tafin hannu ba, ba tare da an ji masa mugun ciwo ba. Na'urar za ta bi kifin watanni tana lura da zurfi da sanyin ruwa, sannan ta ɓalle ta taso, ta aika wa tauraron ɗan'adam abin da ta gani. Kifin da aka kama da ƙugiya yakan gaji ya mutu bayan an sake shi. Wanda aka taɓa da mashi yana cikin gudunsa kuwa, ko sanin an taɓa shi bai cika yi ba.

Masu mashi uku ta nema suka yi mata dariya. Lekal ya saurare ta har ta gama, ya yi mata tambaya ɗaya: ashe za a iya sanin inda suke zuwa? Ya gaya mini daga baya cewa shekara arba'in yana kashe su, wata uku kawai yake ganinsu a shekara, sauran tara bai san ko a sama suke kwana ba. Ya ce abin kunya ne mutum ya ci abinci a hannun wani tsawon haka bai san gidansa ba.

Ni na ƙera bakin sandar da ake dasa na'urar da ita. Ƙarfe ne ɗan gajere marar kunne, da zoben roba a bayansa don kada ya wuce tsawon yatsa a cikin nama. Na yi uku kafin nauyin ya yi masa daidai a hannu.

Cibiyar takan ɗauki jirginsu haya na wasu kwanaki, ta biya mutanen jirgi ladan yini. Da farko tsokana ce kawai a tasha. Ana ce masa likitan kifi, ana tambayarsa ko yau ya huda wa amarya kunne. Yana dariya. Kolas ma yana tuƙi, yana gunaguni, yana ba Dakta Tu tsamiyar lemo don amai.

Abin ya lalace ne a sanyi na biyu, ana saura kwanaki kaɗan sabuwar shekara, bayan makonni ba a soki komai ba. Ranar hayar cibiyar binciken ce. Sai ga wata uwar mai-takobi ta hawo, irin wadda tsofaffi ke ba da labari, wutsiyarta kaɗai kamar lauje biyu. A jirgin mashi ba albashi, kaso ne: abin da mai mashi ya soka shi ne tukunyar gida shida. Mashin gaske yana kwance kusa da ƙafarsa. Kolas ya yi abin da matuƙi ba ya yi, ya yi magana da baki.

"Sa'a, ajiye wannan tsinken ka ɗauki mashi! Jarabar likitanci ta kai ka bar gida shida da farar shinkafa?"

Lekal bai waiwaya ba. Hannun hagunsa ya ce ƙara wuta, hannun Kolas kuma ya bi umarni don ya saba. Ya jefa sandar, na'ura ta zauna daidai gindin tuta, kifin ya kaɗa ya tafi.

Da suka sauka ya ce wa Kolas ranar ta Dakta Tu ce, ta biya, kuma ya riga ya yi mata alkawari. Kolas ya tofar da jan yawu kusa da takalminsa, ya ce to ya je ta ba shi matuƙi.

Bayan wata biyar na'urar ta taso a can kudu, bayan tsibiran Filifin. Dakta Tu ta kawo taswira wurin aikina ta shimfiɗa a kan teburin sassaƙa. Kifin ya yi tafiyar da jirginmu ba zai yi ba ko da an cika shi da mai sau goma. Da rana yakan nutsa inda haske ba ya kai wa, ya taso ya ɗumama jiki, ya sake komawa. Lekal ya bi layin da yatsa a hankali, ya tsaya a wani wuri da layin ya yi ta kewaya, ya ce nan kam ta sami abinci, ko miji. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar aurensa.

Kuskurensa shi ne ya ɗauka kowa zai yi murna. Ya ɗauki taswirar ya bi shagunan tasha yana nunawa. Mutane suka duba, suka ga hanyar kifi a zane a takarda. Sanyin da ya biyo baya ya zo ba kifi, na bayansa ya fi muni. Sai magana ta tashi, ban san bakin da ta fara fitowa ba, cewa na'urar Lekal ce take gaya wa manyan jirage inda kifi yake bi. Wai tauraron nan da yake ji, ai ba Dakta Tu kaɗai yake gaya wa ba.

Na sha faɗa, kuma zan sake faɗa a nan. Kifayen da Lekal ya sa wa na'ura duka ba su kai ashirin ba. Manyan jiragen sun shekara talatin suna share tekun kafin a haifi na'urar, kuma ba su taɓa buƙatar taswirar kowa ba, don wanda ya shimfiɗa ƙugiya a ko'ina ba ya tambayar hanya. Masu yaɗa maganar sun san haka, kuɗin da 'ya'yansu ke aikowa daga can yake fitowa. Dakta Tu ta tara mutane a rumfar gwanjon kifi ta yi bayani har muryarta ta dushe. Suka saurara da ladabi, suka ci kek ɗin abarbar da ta kawo, suka fita suna cewa ai dole ta faɗi haka.

Mutanen birni kuma suka ƙarasa aikin. Wata ƙungiyar masu kare teku a Taipei ta buga babban hoto don gangaminta: mutum tsaye a kan gado, hannu a sama, ruwa na tashi, a ƙasa an rubuta a daina wannan rashin imani. Lekal ne. Na duba hoton da gilashin ƙara girma, na ga zoben robar da na sa da hannuna. Sandar na'ura ce yake riƙe da ita. Sun ɗauki mutumin da ya saki kifi mafi girma a rayuwarsa sun mai da shi fuskar kisa, don jini a kan katako yana kyau a hoto, ƙugiya dubu a ƙarƙashin ruwa kuwa ba ta fita. Na rubuta musu, Dakta Tu ma ta yi musu waya. Suka ba da haƙuri, suka ce an riga an buga. Masu sayen kifin mashi a manyan gidajen abinci suka ja baya na wani lokaci, tasha kuma ta ƙara wannan a kan laifinsa: shi ya jawo mana masu kyamara.

A wurinmu gida na mace ne. Namiji gidan matarsa yake tarewa, gona da rumbu da tukunya duk nata ne. Abin da namiji ya mallaka shi ne wurinsa a layin sa'anninsa. Da su ya shiga samartaka, su za su ɗauki gawarsa. Sau ɗaya a shekara, a farkon zafi, maza kaɗai suke sauka bakin teku inda kogi ke shiga, mace ba ta taka wurin. Samari su kama kifi su dafa, a zauna layi-layi daga tsofaffi zuwa yara, kowa da kwanonsa a gabansa, a raba daga sama zuwa ƙasa. Fada ma a zamaninsa bai hana ba, zuwa yake ya yi addu'a ya karɓi kasonsa.

A bikin 2012 Kolas ne shugaban layinsu. Ina zaune a layin gaba, na juya na ga mai rabo ya iso gaban Lekal, sai Kolas ya miƙa hannu ya kife kwanon a kan yashi. Ana yin haka ga wanda ya ci amanar layi. A rayuwata sau ɗaya na taɓa gani kafin nan, kuma wancan ɓarawon raga ne. Kolas ya ce layi ya yanke: ranar da Lekal ya kawo sandar nan ya karya ta a gabansu, ya ce ya yi kuskure, ranar za a ɗaga kwanonsa.

Na miƙe na ce wannan zalunci ne, kuma duk wanda ke zaune a nan ya san zalunci ne. Tsofaffi suka ce in zauna, maganar layi ta layi ce, babba ba ya sa baki a hukuncin ƙannensa. Dokar haka take, na sani. Amma dokar an yi ta ne don ɓarayin raga.

Lekal ya dubi kwanon, ya dubi Kolas, ya ce, "Sa'a, karya sanda ba wuya, ɗan Fada zai yi mini wata. Cewa na yi kuskure ne ba zan iya ba." Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya hau duwatsu ya tafi. Kwanon ya bar shi a nan.

Ya ƙara sanyi biyu yana dasa na'ura daga wani ƙaramin jirgi, da matuƙin haya wanda bai iya karanta hannu ba, har da shak biyu ya sa wa. Sannan kuɗin binciken ya ƙare, aka mayar da Dakta Tu wani aiki a arewa. Takan aiko masa da shayi duk sabuwar shekara, ban ga laifinta ba. Na ji an ce aikin ya shiga cikin hujjojin da ake kai wa tarurrukan ƙasashe a kan rage ƙugiyoyi. Ko ya rage ƙugiya ɗaya, ban sani ba. Abin da na sani shi ne sun tafi da taswirarsu, shi kuma aka bar shi da garin. A coci benci ɗaya yake zama da matarsa su kaɗai. In sa'anninsa sun haɗu gyaran rufin wani ko yankan alade, ba a aika masa. Ya koma kamun ƙananan kifi a bakin duwatsu. Ranar bikin teku yakan zo wurin aikina da yamma ya tambaye ni ko miyar ta yi gishiri.

Na sha ce masa ya karya sandar, ya faɗi abin da suke so, Allah ya san gaskiya. Ya ce, "Yaya, kai da ka yi karatun katikizim a hannun Fada kake koya mini ƙarya?"

A 2016 jini ya bugi Kolas, rabin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace. Ɗansa yana can wani teku. Da bikin ya matso matarsa ta zo wurin sa'anninsa tana kuka, ta ce mutumin ya daina cin abinci, don tunda ya shiga layi bai taɓa rasa zama ba. Keken marasa lafiya ba ya bin duwatsun nan. Ita da 'ya'yanta mata ba su da ikon sauka. Samari suna cikin ruwa tun asuba, kuma a al'ada sa'a ne ke ɗaukar sa'a. Sa'annin suka yi ta shawara: wannan gwiwa, wancan baya, wani kuma likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Aka watse a kan za a kai masa kasonsa gida.

Ranar biki an zauna, an fara rabo, sai na ga kawuna suna juyawa. Lekal ne yake saukowa ta kan duwatsu, ya goya Kolas da zanen matarsa kamar jariri, yana ɗingisa ƙafar nan mai tabo, yana zaɓar wurin taku. Ba wanda ya tashi ya taimaka, kunya ta riƙe wasu, ban san abin da ya riƙe sauran ba. Ya kai shi wurinsa a kan layi, ya kwance zanen, ya zaunar da shi, ya tokare masa baya da gwiwa don kada ya kife. Mai rabo ya zuba wa Kolas, ya tsaya da ludayi yana duban tsofaffi. Sannan ya wuce Lekal bai zuba masa ba.

Hannun Kolas ba ya kai wa baki. Lekal ya cire ƙayoyin kifin ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa ba shi, yana goge masa haɓa da gefen zanen. Kolas ya yi wata magana da karkataccen bakinsa, ba wanda ya gane sai shi. Ya amsa, "Ci, kai dai. Ka fi kifin nan nauyi, da na sani da shi na goyo."

Shekara uku Lekal ya yi yana haka, har Kolas ya rasu. Yakan zauna a layin, amma ko romo bai taɓa kurɓa ba, kuma a shekara ukun nan ba a sami mutum ɗaya da ya ɗauko kwano ya ajiye a gabansa ba. Kowa yana jiran shugaban layi ya janye hukunci, shugaban layi kuwa ba ya iya furta kalma. Wasunsu suna raye, muna gaisawa a coci, za su kuma karanta wannan.

A shekarar farko, da muka hawo daga bakin teku bayan ya mayar da Kolas gida, na tarar da shi zaune a gefen hanya yana murza idon sawunsa, ya kumbura. Na fara faɗa, na ce mutumin da ya kife maka kwano a gaban gari ne ka goya. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Yaya, ƙafar nan ai tun 1979 tasa ce. Ya buƙace ta, na kai masa."

Ya miƙo hannu in tashe shi, muka tafi gida.